Murfi Ɗaya Yana Kallon Ƙofa

A Gwarzo in ka ce Uwaliya kawai, sai an tambaye ka wacce, don suna da yawa. In ka ce Uwaliya mai jere kuwa, kowa zai nuna maka ƙofar gidan. 'Yar Garo ce, aure ya kawo ta gidan Malam Balarabe, manomi mai taɓa ɗinkin hula da rani. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin tsaki. Sana'arta shirya ɗakin amarya. Ranar da dangi suka kwashi kayan ɗaki suka kai gidan ango, ita ake kira ta faɗi inda gado zai zauna da inda labule zai sauka, sannan ta jera kwanuka a kan kantocin katako da ake kafawa a bango hawa-hawa. Jeren kwanukan nan shi ne fuskar ɗaki, shi mata suke fara kallo kafin su kalli amaryar.

Ta yi suna ne a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi. Uba zai aurar da 'ya, ya yi iya yinsa, kwanukan da aka samu ba su cika kanta biyu ba. Sauran masu jere sai su tara su wuri guda, bango ya yi fayau, uwar amarya ta ji labari ta kwana kuka. Uwaliya ce ta fara samo guntayen madubi tana kafa su a bayan kwanukan, ta ba su tazara, ta cike tsakani da faya-fayai masu launi. Mace ta shiga ta rantse kayan sun ninka. Gidaje da yawa a Gwarzo da Kara ta rufa wa asiri da fasasshen madubi, kuma ba a taɓa jin ta yi gori ba.

Ba ta taɓa maimaita jere ba. Idonta ba ya hutawa: ta tsaya tana kallon gashin zabo har tuwo ya kama, ta ga shanyar barkono kusa da ta kuɓewa ta yi ta jinjina kai, ta ɗauki hular da Malam yake ɗinkawa ta juya ta, ta juya ta, har sai ya ce a ba shi abinsa. Daga nan take samo yadda ja zai zauna kusa da kore ba su yi faɗa ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai a duniya kuwa magana ɗaya ce, kuma ita ake kawo mata kullum. Mace za ta yi sallama, a gaisa, a tambayi gida da yara da gajiya da ruwa, sannan ta gyara zama ta ce, "Uwaliya, so nake ki yi wa 'yar ƙanwata irin na gidan Alhaji Dabo."

"Ɗakin gidan Alhaji Dabo gabas yake kallo, naku fa?"

"Oho, ni dai irinsa."

"Kwanukansu shuɗi ne, naku da na gani ja ne da ruwan ƙwai."

"Ai ke ce gwana, ki dai yi mana irinsa sak."

Nan za ta ja tsaki har sai kajin tsakar gida sun watse. Ita a ganinta, wanda ya kira ka ka yi masa irin na wani bai kira ka ba, hannunka kawai ya ara. Mazan ma ba su bar ta ba. Malam Balarabe, mutumin kirki in ban da wannan, ya sha gaya mata cewa kwano kwano ne, ko an kife shi ko an jingine shi, tuwon da zai ɗauka bai ƙaru ba. Takan dube shi ta ce, "To Malam, hula ma ai hula ce, ka daina yi mata zane." Amma gobe ma sai ya sake faɗa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Fiddausi. Ita ce ta fari, ita ce auta. Da yake 'yar fari ce, Uwaliya ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" take ce mata, ko "ke". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta jan ta a jiki, in an ce Fiddausi ta yi na ɗaya a Islamiyya sai ta kau da kai ta tambayi wanda ya ga tsintsiya. Haka aka yi mata a Garo, haka ta yi, kuma tana ji da kunyarta kamar yadda take ji da sana'arta. Wadda take shagwaɓa yarinyar, ta goya ta, ta shiga faɗanta, ita ce Hajaratu, ƙanwar Malam Balarabe. Mace ce ƙatuwa mai yawan dariya, mai kyakkyawar zuciya, amma ko zani ta ɗaura sai kan zanen ya kalli ƙasa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun Fiddausi tana goye Uwaliya ta ajiye mata jere guda a ranta. Wata rana tana ɗinkin faifai ta lura da yadda yake farawa daga cibiya yana zagayawa yana buɗewa, sai ta ce me zai hana bango ya yi haka. Kowa sahu-sahu yake jere, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Nata zai fara ne daga tsakiya, inda za ta sa tasar tagulla ta ɗakin mahaifiyarta. Kewaye da ita shuɗi mai duhu, sai mai haske, sai kore, har ya ƙare da fari a gefe. Murafan kuma a jingine, furen da yake kan kowane murfi ya juya yana kallon tasar. Ba ta yi wa kowa wannan ba. An roƙe ta sabon abu a gidajen masu hali, ta ba su wani, ta riƙe wannan. Duk sanda aka yi mata tukuici, sai ta shiga kasuwar Gwarzo ta zaɓo kwano ɗaya mai launin da take nema, ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Kusan shekara ashirin tana yi.

Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a, biki ya sake kama. Aka daina kiɗa, walima ta maye gurbinsa, a kira malama ta yi wa'azi a raba lemo. Uwaliya ba ta ƙi wannan ba, ko ba komai an rage mata masu rawa suna ture mata kaya. Abin da ya dame ta niƙabi ne, da ya fara yawa a wajen 'yan Islamiyya. Mace ta gaishe ka a hanya da sunanka, ta tambayi Malam, ta tambayi ciwon ƙafarka, ku rabu ba ka san da wa ka yi magana ba. "Ni ina zan iya," in ji ta, "mutum ya wuni yana gaisawa da idanu."

A cikin shekarun nan ne Mudassir, malamin Islamiyya ɗan gidan malamai a Kabo, ya nemi auren Fiddausi, ita ma tana so, aka sa rana. Uwaliya ta jawo kayan ƙarƙashin gado ta kwance tsummokaran. Hajaratu da ta zo taya ta ta riƙe baki.

"Matar Yaya, duk wannan a ɗakin nan suke kwana? Lallai Fiddausina ta gode."

"Ki bi a hankali, kada ki ƙwanƙwasa min bakinsu. Ranar Alhamis da sassafe za mu tafi, ina so in ga hasken ɗakin kafin rana ta ɗaga."

Hajaratu ta ajiye kwanon hannunta. "Za mu tafi ina?"

"Kabo mana. Jere."

"Ke? Uwar amarya? 'Yar fari?" Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Yo so kike mutanen Kabo su ce mun kawo musu 'yar gidan marasa kunya? Gidan malamai fa! Ke kina nan a ɗaki kina amsa Allah sanya alheri. Jere namu ne, mu gwaggonni."

Gaskiya Hajaratu ta faɗa, kuma babu wanda ya kai ita Uwaliya sanin haka. Uwa ba ta zuwa jeren 'yarta. Ita da bakinta ta sha yi wa iyaye mata tsiya in sun aiko da saƙon a sa kaza a wuri kaza, ta ce su zauna da kunyarsu su bar masu aiki su yi aiki. Ɗakunan 'ya'yan mutane ba iyaka ta shiga, ko sau ɗaya ba ta taɓa tarar da uwar amarya a ciki ba. Amma duk shekarun nan da take tara kwanuka, ba ta taɓa haɗa wannan da kanta ba. Takaici ya ishe ta har ta rasa wanda za ta yi wa tsaki.

Ba yadda ta iya, ta ce to Hajaratu ta zauna ta koya. Ta share tsakar gida, ta zana kantoci a ƙasa da tsinke, ta ɗebo murafan kwalba da na gwangwani ta jera.

"Kin ga nan tsakiya, tasa. Daga ita sai shuɗi mai duhu."

"Wannan kenan."

"Wannan kore ne, Hajaratu."

"Yo ai duk ɗanyen haki ne da ɗan'uwansa."

"Furen kowane murfi ya kalli tasar."

"Fure kuma yana da ido ne? Matar Yaya, ki huta. Ni na ga wanda kika yi a gidan Alhaji Dabo, ya yi kyau. Irinsa zan yi mata, shi ke nan."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ta. Irin na gidan Alhaji Dabo, a ɗakin yarinyar nan, da kwanukan da ta zaɓo ɗaya bayan ɗaya! Ta shuri murafan kwalbar ta shige ɗaki. Ba ta da ikon cewa abin ya dame ta, domin uwa mai kunya ba ta damuwa da yadda ɗakin 'yar fari zai kasance. Sai ta ce kanta ne yake ciwo.

Ranar Alhamis mata suka loda kaya a mota suka nufi Kabo. Gida ya rage hayaniya. Uwaliya ta zauna, ta tashi, ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Can ta leƙa maƙwabta ta aro niƙabi da dogon hijabi baƙi da safar hannu a wajen 'yarsu, ta ce wata baƙuwa ce take so. Ta tarar da Malam Balarabe a zaure da allura a hannu.

"Malam, zan je unguwa."

"Yau? Wace unguwa?"

Ya dubi baƙin ƙyallen da yake leƙowa daga ƙarƙashin mayafinta, ya dubi fuskarta, ya mai da kansa kan hularsa. "Allah ya kiyaye hanya," in ji shi. "Ni idona yana kan ɗinki."

A bayan gari ta saka kayan, ta tari motar Kabo. Zafi ya dame ta, numfashinta yana dawo mata a fuska, ga wata tsohuwa a gefenta tana ta yi mata tambayar hukuncin ramuwar azumi, a zatonta malama ce. Ta yi ta gyaɗa kai kawai har suka isa.

Gidan ba ya ɓata, ga motar kaya a ƙofa. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa ta bi mata har ɗakin. Abin da ta gani ya kusa sa ta yaye niƙabin ta yi ihu. An riga an fara. Hajaratu tana tsaye a kan turmi, ta dasa tasar tagulla a can ƙurya ta sama kusa da rufi, ta jera fari kusa da shuɗi, kore a kife a kan ja na wata gwaggo da ba ya cikin tsarin ma sam. Uwaliya ba ta san sanda tsaki ya kuɓuce mata ba.

Hajaratu ta waiwayo da sauri. Tsakin nan shekara da shekaru take jin sa. Ta dubi gajeriyar mai niƙabi daga sama har ƙasa, ta ga ta ɗauki murfi tana goge bakinsa da gefen hijabi, sai ta cije leɓe don kada dariya ta fito.

"Af, kin iso?" ta faɗa da ƙarfi. "Jama'a, wata baiwar Allah ce na ɗauko daga Kara ta riƙa miƙo min kaya. Ba ta son magana, kada wadda ta dame ta. Ku je ku ji da labule da shimfiɗa, ku bar mu da bango."

Ta rufa mata asiri, amma sai da ta fanshe. Wunin ranar Hajaratu ta samu 'yar aiki. "Ke, miƙo wancan. A'a, sauke duka, na sake shawara. Ke baiwar Allah, ba ki da sauri ne?" Uwaliya ba ta da bakin ramawa, don muryarta ko a cikin kasuwa an san ta. Sai dai ta harare ta ta tsagar niƙabi, ta nuna da yatsa, in nuni bai yi ba ta taka mata ƙafa. Daga baya ta ture ta daga kan turmin ta hau da kanta. Tasa ta dawo tsakiya. Shuɗi mai duhu ya kewaye ta, mai haske ya biyo, kore ya karɓa, fari ya rufe gefe. Ta bi murafan ɗaya-ɗaya tana juya su, furanni suna komawa kallon tasar. Matan da suke ɗaura labule suka daina surutu suka tsaya kallo. Ita ma da ta sauko ta ja da baya, sai ta ga abin ya fi yadda ta daɗe tana ganinsa a ranta.

Saura murfi ɗaya a kantar ƙasa ta hannun hagu, fari, furensa yana kallon ƙofa. Ta miƙa hannu kenan sai ga sallama. Malama Halima Sa'adiya ce, mahaifiyar ango, ta biyo bayan ƙwaryar fura don ta yi wa baƙi sannu. Ta san Uwaliya sarai, ba a daɗe ba ma sun zauna tabarma ɗaya a wani zaman makoki a Garo. Ta dubi bangon ta yi ta masha Allah, sannan ta juyo ga mai niƙabi.

"Baiwar Allah, sannu da aiki. Ai duk mata ne a nan, ɗage ki sha iska, ga fura."

Uwaliya ta girgiza kai.

"Haba, a gidan nan ba a yi mana aiki a fita da ƙishirwa. Ɗage mana."

Hajaratu ta yi wuf ta ce azumi take yi. Malama ta ce to ta zauna a yi la'asar tare, ta kama hannunta. Uwaliya ta zame, ta yi nuni kamar za ta kewaya, ta ɗauki takalmanta a hannu. Ba ta tsaya ba sai a bakin titi, tana haki, murfin nan yana can yana kallon ƙofa.

Jeren ya yi suna fiye da duk wanda ta taɓa yi. Daga Garo, daga Kara, har daga birni mata suka riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa Kabo don su gani. Sai dai sunan Hajaratu yake ɗauke da shi. Ita kuwa ta karɓi yabon hannu bibbiyu, tana cewa abin a jininsu yake. Da aka fara kiranta jere a wasu gidajen tana kwaɓawa, sai ta ce hannunta ba ya tashi sai a kan 'yar ɗan'uwanta. Mata suka dawo wajen Uwaliya da tsohuwar maganarsu a sabuwar riga.

"Uwaliya, ko za ki iya yi mana irin na Hajaratu? Ko da bai kai shi ba."

"Ba zan iya ba," take cewa, haƙoranta a cije.

"Ai dama mun faɗa, zamani ya wuce ki."

Duk wannan ta shanye. Abin da ya hana ta sakat murfin nan ne. Tana tuƙa tuwo ta tuna shi, tana lazimi ya faɗo mata. Ta roƙi Hajaratu in ta je ta juya shi, Hajaratu ta dawo ta ce ta duba duk ba ta ga wanda ya karkace ba. Ita kuma ba ta da hanyar zuwa, don uwa ba ta zarya gidan 'yar fari. Ta sa rai ko in haihuwa ta zo, sai ta tuna a haihuwar fari gida ake dawo da yarinya wanka, ita ce za ta zo Gwarzo, ɗakin yana can a kulle.

Da Fiddausi ta haihu, Mudassir ya aiko da ban haƙuri cewa shi ya fi son matarsa ta yi wanka a ɗakinta, a turo wadda za ta zauna da ita. Dangi suka yi ta mita, wai 'yan zamani sun zo da sabon salo. Uwaliya ta taya su mitar da baki, a ranta kuwa ba ta taɓa jin daɗin sabon salo irin na ranar ba. Aka tura Hajaratu. Bayan suna, da jama'a suka ragu, Malam Balarabe ya ce ya kamata ta je ta yi wa surukai barka.

Ta fara shiga wajen Malama Halima Sa'adiya, aka gaisa aka daɗe, sannan aka raka ta ɗakin mai jego. Ta shiga kanta a ƙasa, ta zauna a bakin tabarma ta ba bangon kwanuka baya. Hajaratu ta ɗora mata jaririyar a cinya, Uwaliya ta ɗan leƙa fuskarta ta ce Allah ya raya, ta mayar. Fiddausi ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon ƙofa. Wuyanta har ciwo yake don son waiwaye, amma ta dake.

Can Fiddausi, tana gyara wa jaririyar zani, ba ta ɗago ba, ta ce, "Gwaggo, baiwar Allahn nan ta Kara da aka ce ta taya ki jere, ta bar murfi ɗaya yana kallon ƙofa."

Hajaratu ta ce, "Ni fa ban ga komai ba."

"Yana nan a ƙasa ta hagu. Duk Juma'a nakan sauke su in goge, in mayar da kowanne yadda yake. Shi ma yadda ta bar shi nake mayar da shi. Na ce aikinta ne, wata rana za ta dawo ta ƙarasa."

Uwaliya ta ja tsaki, amma bai fita da ƙarfinsa na kullum ba.

"Mutane ba sa gama aiki," in ji ta, ta dafa gwiwa ta miƙe.

Ta je ta tsuguna a gaban kantar, ta kama farin murfin da yatsu biyu ta juya shi, furen ya koma kallon tasar. Babu ko ɗigon ƙura a jikinsa. Duk da haka ta kama gefen mayafinta ta shiga goge shi, ta ba su baya, ta daɗe tana gogewa, kuma har Hajaratu ba ta yi dariya ba.